Sauya Nau'in Lamba a Harshen Kwamfuta: Misalai Daga Lissafin Manoman Jazira

1.0 Gabatarwa

An shirya wannan takarda ne domin ɗaliban da ke nazarin Hausar kimiyya da fasaha. Abin da za a duba shi ne yadda harsunan tsara manhajar kwamfuta, musamman Java, suke ɗaukar lamba daga wani nau'i su mayar da ita wani, da kuma abin da kan salwanta a hanya. Ba sai ɗalibi ya taɓa rubuta manhaja ba kafin ya bi bayanin. In dai ya taɓa zuwa kasuwar hatsi ya ga cewa tiya ba ta cinye abin da ke cikin buhu, to ya riga ya san rabin maganar.

Misalan an ɗauko su ne daga Sudan, daga yankin Jazira da bakin Shuɗin Nilu, inda Hausawa suka daɗe da zama. Dalilin zaɓen wurin shi ne, da wuya a sami inda Bahaushe yake juya lamba daga ma'auni zuwa ma'auni kullum kamar can: gona da faddan, auduga da kantar, kuɗi kuma an sake masa suna da daraja sau biyu cikin shekara 15, sannan alƙaluman kansu ana rubuta su da hannu iri biyu.

2.0 Wurin da ma'aunansa

Hausawa da Fulani sun bi hanyar hajji ta ƙasa zuwa Sudan tun kafin zuwan Turawa, amma babbar ƙaura ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, a garin da har yau ake kira da laƙabinsa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman rani na Jazira, sai aikin tsintar auduga da noma ya ƙara jawo mutanenmu, wasu suka kafa ƙauyuka, wasu suka zauna a sansanonin 'yan ƙodago da ake kira kambo. Wanda yake son sanin yadda Hausarsu ta cuɗanya da Larabci sai ya nemi littafin Al-Amin Abu-Manga na 1999 a kan Hausa a Sudan. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya isa Wad Madani a watan Disamba na shekarar, ya tarwatsa jama'a masu yawa daga garuruwansu. Don haka alƙaluman da ke cikin wannan takarda na kafin yaƙin ne.

Ma'aunan da za mu buƙata ga su. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, kuma ana raba shi ƙiraɗi 24, kowane ƙiraɗi murabba'in mita 175. Babban kantar na audugar da ba a gurza ba ratal 315 ne, wato kimanin kilo 141.5. Jine ɗaya, wato fam na Sudan, girish 100 ne. Faɗin gonakin aikin Jazira, haɗe da ƙarin Manakil, kimanin faddan miliyan 2.1 ne.

3.0 Mazubai takwas

Java harshe ne da kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 1995, ƙarƙashin jagorancin James Gosling. Yana cikin harsunan da ake tsara manhaja da su bisa "abubuwa", wato a haɗa bayanai da ayyukan da ake yi musu wuri ɗaya, kamar a ce ga "manomi" da sunansa da faɗin gonarsa da hanyar lissafa rabonsa. Amma a ƙarƙashin waɗannan abubuwa akwai nau'o'i takwas na asali da ba a gina su daga komai ba. A wannan takarda zan riƙa kiran wurin ajiye lamba "mazubi", domin kalmar ta fi "akwati" dacewa: mazubi yana da iyakar abin da yake ɗauka, kuma ana juye abin cikinsa a wani.

(1)
byte: bit 8, daga -128 zuwa 127
short: bit 16, daga -32,768 zuwa 32,767
int: bit 32, daga -2,147,483,648 zuwa 2,147,483,647
long: bit 64, ya haura biliyan sau biliyan 9
float: bit 32, lamba mai ɗigo, alƙaluma 7 abin dogaro
double: bit 64, lamba mai ɗigo, alƙaluma 15 zuwa 16
char: bit 16, daga 0 zuwa 65,535, domin haruffa
boolean: i ko a'a

Na ƙarshen ba lamba ba ne, kuma Java ba ta yarda a juya shi zuwa lamba, saboda haka mun sallame shi tun daga nan. Bit kuwa shi ne gurbi guda da ke ɗaukar 0 ko 1. Gurabe 8 suna ba da yanayi 256, an raba su rabi ƙasa da sifili, rabi daga sifili zuwa sama; abin da ya sa byte ya tsaya a 127 ke nan.

4.0 Faɗaɗawa da tsukewa

Idan aka juye ƙaramin mazubi a babba, misali int a cikin long, babu abin da zai zube. Wannan shi ne faɗaɗawa, kuma tafinta, wato manhajar da ke fassara rubutun mai tsarawa zuwa abin da na'ura ke ganewa, tana yin sa ba tare da an roƙe ta ba. Akasinsa shi ne tsukewa. A nan tafinta takan ƙi, sai mai tsarawa ya rubuta sunan ƙaramin mazubin cikin baka biyu a gaban lambar, alamar cewa ya ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya. Wannan alama zan kira ta "tilastawa".

(2)
int kantar = 315;
byte b = (byte) kantar;

Me ke cikin b yanzu? Mai hankali zai zaci 127, tun da nan ne bakin mazubin. Amsar ita ce 59. A nan ne kwatancen tiya da buhu ya fara gazawa, kuma ya kamata ɗalibi ya lura da inda kwatance yake ƙarewa. Tiya in ta cika tana nan cike, rarar ce ke zuba ƙasa. Kwamfuta kuwa guraben dama guda 8 take riƙewa, ta watsar da na hagu, waɗanda su ne masu nauyi. Daidai yake da a ce wa magatakarda ya rubuta 1,315 a takardar da ke da gurbi uku kacal, ya rubuta 315 ya yi shiru. A lissafi, 315 a cire 256 saura 59. Da kilo muka auna, 141 zai koma -115, wato manomin da ya kawo auduga ya tashi ana bin sa bashi.

Ko kakanninmu masu ƙidayar wuri da sun ci karo da wannan. Ƙeso ɗaya, wuri 20,000, zai zauna lafiya a cikin short. Ƙeso biyu kuwa, 40,000, in aka tilasta shi a ciki sai ya fito -25,536.

4.1 Ambaliya

Ba sai an tilasta ba ma lamba take lalacewa. A duba wannan:

(3)
int faddan = 2100000;
long fili = faddan * 4200;

Mai tsarawa ya yi tunani mai kyau. Ya san amsar, murabba'in mita 8,820,000,000, ta fi ƙarfin int, shi ya sa ya tanadi long. Duk da haka abin da zai samu shi ne 230,065,408. In aka mayar da wannan zuwa faddan, Jazira gaba ɗayanta ta koma faddan 54,777 da 'yan kai. Dalili kuwa, tafinta tana fara gama aikin da ke dama da alamar daidai tukuna. Ta ga int sau int, ta yi lissafin a cikin int, ya yi ambaliya, sannan ta ɗauki ɓarnar ta juye a babban mazubi. Mazubin int yana kewayowa ne duk bayan 4,294,967,296. A cire wannan sau biyu daga amsar gaskiya, abin da ya rage shi ne lambar da muka gani. Gyaran harafi ɗaya ne: a rubuta 4200L, sai a yi lissafin a cikin long tun daga farko.

Abin da ya fi ba ni tsoro a misali na (3) shi ne amsar ba ta da kamar kuskure. Da ta fito ƙasa da sifili kowa zai farga. Lamba ce mai kyan gani, za ta iya shiga rahoto a sa mata hannu. Tun daga Java 8, ta 2014, akwai ayyuka irin su Math.multiplyExact da Math.toIntExact waɗanda ke tsayar da manhaja su yi ƙorafi maimakon su yi shiru, kuma a ganina duk inda lissafin ya shafi haƙƙin wani su ya kamata a yi amfani da su.

Sai dai ƙorafin ma sai da mai saurare. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta Turai ta tashi daga Kuru a Giyanar Faransa, ta tarwatse cikin daƙiƙa 40 ko ƙasa da haka. Binciken da aka yi ya nuna an juye lamba mai ɗigo ta bit 64 a cikin cikakkiyar lamba ta bit 16. Manhajar an gaje ta ne daga Ariane 4, wadda lambarta ba ta taɓa kai wa bakin mazubin ba. Harshen Ada da aka rubuta ta da shi ya yi ƙorafin, amma ba a tanadi abin da za a yi da ƙorafin ba, sai na'urar da ke lura da hanya ta tsaya, ita da mataimakiyarta.

5.0 Guntun lamba da kuɗin mutane

Idan aka tilasta lamba mai ɗigo ta koma cikakkiya, Java ba ta duba wace cikakkiyar lamba ce ta fi kusa. Guntule abin da ke bayan ɗigo kawai take yi: 3.99 ya koma 3, kuma -3.99 ya koma -3. Haka ma rabawa tsakanin int da int. Wanda yake da ƙiraɗi 18, in aka raba da 24 don a san faddan nawa ne, amsar 0 ce, alhali yana da kashi uku cikin huɗu na faddan. Sai an fara mayar da ɗaya daga cikin lambobin double, a rubuta 18 / 24.0, kafin 0.75 ta fito.

A shekarun ƙarshe kafin gwamnati ta karɓi aikin Jazira daga kamfanin Ingila a 1950, ana raba ribar auduga ne kashi 40 ga manoma, 40 ga gwamnati, 20 ga kamfani. A ce ribar girish 101 ce.

(4)
int riba = 101;
int rabo1 = riba * 40 / 100;
int rabo2 = 40 / 100 * riba;

A takarda layukan biyu abu ɗaya ne. A kwamfuta na farko ya ba da 40, na biyu ya ba da 0, domin 40 a raba da 100 an guntule shi ya zama sifili kafin a ninka. Ko a hanya ta farko ma, 40 da 40 da 20 sun tashi 100, girish ɗaya ya rage ba mai shi. Harshen kwamfuta ba zai gaya maka wanda za a ba ba. Wannan hukunci ne na mutane, kuma dole a rubuta shi a fili, in ba haka ba ragowar takan kwanta ne a wajen wanda ke riƙe da littafin.

Canjin kuɗi ya ƙara rikita al'amarin. A 1992 Sudan ta fito da dinari, kowane ɗaya jine 10. A 2007 aka dawo da jine sabo, kowane ɗaya dinari 100, wato tsohon jine 1,000. Bakin mutane bai bi takardar gwamnati ba: shekaru bayan canjin, sai ka ji an ce "miliyan" ana nufin sabon jine dubu. Mai tsara manhajar da zai juya tsohon bashi na jine 2,750 zuwa sabon kuɗi, in ya raba int da 1000 zai sami 2, girish 75 sun tafi.

To, sai wani ya ce a riƙa amfani da double mana a huta. Ba a huta ba. Lamba mai ɗigo ana ajiye ta ne bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, da ginshiƙin biyu, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa a ginshiƙin biyu, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa a namu na goma, sai dai 0.333 har illa masha Allahu.

(5)
double jine = 4.35;
int girish = (int) (jine * 100);

Amsar 434 ce. Abin da na'ura ta samu kafin tilastawa shi ne 434.99999999999994, guntulewa kuma ba ta san sauran ƙiris ba. Math.round ne zai kai ta 435. Har ila yau, juye int a cikin float Java tana lissafa shi cikin faɗaɗawa, ba ta neman izini, amma 123,456,789 yakan fito 123,456,792. Girman lambar ya tsira, wutsiyarta ce ta canza, domin float ba ya iya bambanta kowace cikakkiyar lamba da maƙwabciyarta da zarar an wuce 16,777,216. Wannan, a nawa ra'ayin, rauni ne a tsarin harshen, ba laifin ɗalibi ba.

Shawarar da ma'abota sana'ar suke bayarwa ita ce a ajiye kuɗi da mafi ƙanƙantar ma'auninsa a cikin cikakkiyar lamba, ko a yi amfani da ajin BigDecimal. Amma a lura da mazubin. Girish a cikin int ba ya wuce jine 21,474,836.47. A watan Fabrairu 2021 babban bankin Sudan ya karya darajar jine daga 55 zuwa kimanin 375 a kan dalar Amurka ɗaya. A wannan farashi iyakar int ta tsaya a dala 57,000 da ɗoriya, abin da asusun ƙungiyar manoma guda zai iya wucewa. Mazubin da ya wadatar a shekarar da aka rubuta manhaja, hauhawar farashi na iya cika shi ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya na manhajar ba. Saboda haka long.

6.0 Harafi ma lamba ne

Wannan sashe shi ya fi shafar mu masu nazarin harshe. A wurin kwamfuta kowane harafi lamba ce a jadawalin Unicode, kuma char mazubin lamba ne kamar sauran. Harafin A shi ne 65. Haruffan Ingilishi duk suna ƙasa da 128, don haka in an tsuke su zuwa byte ba abin da ke samun su, kuma mai tsarawar da bai taɓa gwada manhajarsa da wani harshe ba zai rantse tana aiki. Namu masu lanƙwasa kuwa suna can sama: ƙ 409 ne, ɓ 595, ɗ 599.

(6)
char h = 'ɗ';
byte b = (byte) h;

A cire 512 daga 599, saura 87, kuma 87 shi ne W. Ta haka "ɗaki" zai koma "Waki". Harafin ɓ zai sauka a 83, wato S, "ɓera" ya zama "Sera". Shi kuwa ƙ yana sauka a gurbi na 153, wanda a tsohon jadawalin Windows na yammacin Turai alamar ™ ce ta hajar kamfani. Lokacin da nake karatu a ƙasar waje na taɓa karɓar jerin kalmomin da na kwashe wata biyu ina tattarawa, bayan ya bi ta wata manhaja, na tarar duk masu lanƙwasar sun rikiɗe. A lokacin na ɗora wa na'urar buga takarda laifi. Sai daga baya na fahimci lissafi ne tsagwaronsa.

Bahaushen Sudan matsalarsa ta fi tamu, domin karatunsa na makaranta da Larabci ne, in zai rubuta Hausa ma sau da yawa da haruffan Larabci zai rubuta. Alif 1575 ne, in an tsuke shi ya koma 39, alamar ɗauri ta sama. Ba 1576 ne, ya koma 40, buɗe baka. Suna cikakke sai ya zama tarkacen alamomi.

Sai alƙaluma. A Sudan ana rubuta lamba da irin alƙaluman da muka saba gani a kan shafukan littattafan Larabci, inda biyar take kama da sifilin boko, sifili kuwa ɗigo ne. Akwai wata tsohuwar dabara ta masu tsarawa: in ana so a juya harafin '5' zuwa lambar 5, sai a cire masa '0'. Tana aiki saboda '5' yana gurbi na 53, '0' yana na 48. Amma biyar ta Larabci, ٥, tana gurbi na 1637. A cire 48, an sami 1589. Magatakardan da ya shigar da buhu biyar da allon rubutun Larabci ya rubuta wa manomi buhu 1,589, kuma tafinta ba za ta ce uffan ba, domin a wurinta char zuwa int faɗaɗawa ce halattacciya. Character.getNumericValue da Integer.parseInt su sun san alƙaluman Larabci, suna mayar da 5 yadda ya kamata. A nan ɗalibi zai ga bambanci tsakanin juya mazubi da fassara ma'ana: na farko lambar gurbin harafi yake ba ka, na biyu abin da harafin yake nufi.

7.0 Ƙunshi

Tun da Java harshen abubuwa ce, kowane nau'in asali yana da ajin da ke ƙunshe shi ya mayar da shi abu: Integer domin int, Long domin long, Double domin double. Daga Java 5, ta 2004, tafinta ke ƙunshewa da kwancewa da kanta. Sai dai sauƙin da ke tsakanin mazuban asali bai bi su cikin ƙunshi ba. Ana juye int a long kai tsaye, amma ba a tilasta Integer ya zama Long, domin azuzuwa ne daban, ba ɗayan da ya gaji ɗaya. Sai a kira longValue tukuna. Kuma ƙunshi yana iya zama fanko, abin da ake rubutawa null, alhali int ba ya zama fanko. Wannan yana da amfani a littafin awo: manomin da aka auna audugarsa aka sami sifili daban yake da wanda ba a kai ga auna tasa ba. Wanda ya kwance fankon ƙunshi a cikin int ba tare da ya duba ba, manhajarsa za ta tsaya cak. Wanda kuma ya gudu daga wannan ya sa a riƙa mayar da fanko sifili, ya rubuta wa mutum na biyu cewa bai kawo komai ba.

Sauran harsuna kowanne da halinsa. C++ takan bar tsukewa ta wuce ba tare da tilastawa ba, in ban da inda aka bi sabon salon rubutu na 2011. C# tana da kalmar checked mai kama ambaliya. Python kuwa cikakkiyar lambarta ba ta da baki, tana faɗaɗa gwargwadon buƙata, amma 4.35 sau 100 a can ma 434.99999999999994 ne.

Aikin da ɗalibai za su kawo a zama na gaba shi ne: a ɗauki misali na (3) da na (6) a bayyana su da baki ga wanda bai yi boko ba, a rubuto kalmomin da aka yi amfani da su a madadin "mazubi", "tsukewa" da "ambaliya", tare da faɗin wace ce mai sauraron ya gane ba tare da an maimaita masa ba.